Kuɗin Wuta a Gidan Haya: A Haɗa da Haya, a Yi Maki, ko a Sa Mita?

A gidajen haya na Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina, unguwannin Accra a Ghana, rigimar wuta ta fi rigimar kuɗin haya yawa. Kuɗin haya sau ɗaya ake maganarsa a shekara ko shekara biyu. Wuta kuwa kowane wata sai ta tayar da ƙura, musamman ranar da kiredit ya ƙare da tsakar dare, kowa ya fito tsakar gida yana hararar ƙofar maƙwabcinsa. Don a huta da wannan, wasu masu gida kan ce sun haɗa kuɗin wuta cikin haya. Ba a daɗewa sai a ga fanka tana juyawa a ɗakin da aka kulle tun safe, wata ta ajiye gawayi ta koma dafa wake a kan rishon lantarki, wani kuma ya shigo da firiza cikin dare.

Ba mugun hali ne kaɗai ke kawo wannan ba. Mutumin da ke kunnawa da kashewa bai taɓa ganin lissafin abin da ya sha ba, wanda ke ganin lissafin kuma ba shi da iko da makunnin. Duk tsarin da za a zaɓa, a auna shi da wannan: shin mai shan wutar yana ganin adadin da ya sha, kuma yana jin sa a aljihunsa?

Kafin a kwatanta hanyoyin, sai an san inda wutar ke tafiya, domin yawancin faɗan da ake yi a kan abin da bai kai ya kawo ba ake yinsa. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Ƙwan LED mai wat 9, in yana ci awa shida kullum, bai kai yunit biyu a wata ba. Ko an bar shi dare da rana, yunit shida da rabi ne. Cajin waya bai ma isa a ambata ba. Fankar sama mai wat 75, awa goma a rana, yunit 22 da rabi ce. In ba a kashe ta sam, ta kai 54. Talabijin mai wat 50, awa shida, yunit tara. Ƙaramin firiji sabo mai alamar taurari ta Hukumar Makamashi yakan tsaya wajen yunit ɗaya a rana ko ƙasa da haka, amma tsohon firiji na hannu wanda robar ƙofarsa ta saki yana iya cin ninki biyu ko uku, saboda injinsa ba ya hutawa. Dalilin da ya sa ke nan aka hana shigo da tsofaffin firiji Ghana tun 2013, ko da yake har yanzu suna nan cike da ɗakuna.

Manyan masu ci su ne duk abin da ke ɗumama ko sanyayawa. Rishon lantarki mai wat 1,500, awa biyu a rana, yunit 90 ne a wata. Hitar da ake tsomawa a bokiti, don ta ɗaga ruwa lita 15 daga sanyin famfo zuwa ɗumin wanka, tana cin kusan sulusin yunit. Safe da yamma ya zama wajen yunit 20. Butar lantarki mai wat 2,000, minti biyar sau huɗu a rana, ita ma 20. AC mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, awa takwas kowane dare, yana kaiwa wajen yunit 200 shi kaɗai. To ɗaki mai ƙwai biyu da fanka da talabijin da ɗan guga yakan tsaya wajen yunit 40, da firiji ya kai 70. AC guda ya cinye rabon ɗaki biyar ke nan. Mai gidan da ke bin mutane yana faɗa a kan ƙwan banɗaki, ya bar firizar sobolo da ƙanƙara tana ruri a lungu, ya ɓata murya a banza.

Akwai kuma abin da mita ɗaya ke jawo wa gidan yawa ko da kowa yana tattali. Farashin da PURC, hukumar da ke ƙayyade kuɗin wuta, ke tsarawa hawa-hawa ne. Akwai rangwame ga mai shan yunit 30 ko ƙasa da haka a wata, sannan abin da ya haura yunit 300 ana sayar da shi da tsada fiye da na ƙasa. Mita ba ta san ɗaki goma ke bayanta ba, gida ɗaya take gani. Ɗaki goma kowanne yunit 60 ya zama 600, rabin wutar gidan ke nan a farashi mai tsada, kuma tsohuwar da ƙwai ɗaya da rediyo kaɗai gare ta ta rasa rangwamen da aka yi dominta.

Yanzu haɗa wuta cikin haya. Daɗinsa a fili yake: babu bin ɗaki-ɗaki karɓar kuɗi, babu taro, ɗan haya ya san abin da zai biya. Ga ɗakin saukar baƙi, ko wanda ake ba ɗan kasuwa na mako biyu ko wata ɗaya, shi ne ma ya fi dacewa, domin ba a karanta wa baƙon kwana biyar mita. Amma ga haya ta dogon lokaci a Accra yana da rami biyu. Na farko shi ne wanda muka faɗa, babu abin da ke taka wa mai sha birki. Na biyu ya fi haɗari, kuma ba ruwansa da halin ɗan haya. Dokar haya ta 1963 ta iyakance kuɗin gaba zuwa wata shida, amma kowa ya san a aikace shekara ɗaya ko biyu ake karɓa. Wanda ya karɓi kuɗin shekara biyu da wuta a ciki ya ɗaure kansa da farashin ranar da ya karɓa, alhali PURC tana duba farashi duk wata uku. A Satumban 2022 an ƙara kashi 27.15 cikin ɗari, a Fabrairun 2023 aka ƙara 29.96, a Yunin shekarar aka sake ƙara 18.36. In aka ɗora su kan juna, wuta ta kusa ninkawa cikin wata goma. Mai gidan da ya karɓi kuɗi a Agustan 2022 daga aljihunsa ya riƙa cikawa, ko da 'yan hayarsa waliyyai ne. Ra'ayinmu a nan ba shi da kwana-kwana: kada a haɗa wuta cikin kuɗin gaba na shekara. In dole sai an haɗa, a haɗa adadin yunit, kamar 50 a wata, abin da ya haura ɗan haya ya biya. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da mita a ƙofarsa.

Raba kuɗi daidai tsakanin ɗakuna ba sai mun daɗe a kai ba. Gwauron da ke fita tun asuba ya dawo bayan isha'i ya biya daidai da mai iyali shida da firiza, wannan zalunci ne da aka yi wa kwalliya, kuma shi ke koya wa mai tattali ɓarna, don ya ga ba abin da tattalin ya tsinana masa.

Tsarin maki shi ne ya fi yaɗuwa a gidajen yawa. Ana ba kowane kayan wuta maki, ƙwai ɗaya, fanka ɗaya ko biyu, talabijin biyu, firiji uku, haka dai, a tara makin gida duka a raba kuɗin a kai. Ba ya buƙatar sayen komai, kuma ya fi raba-daidai adalci. Matsalarsa biyu ce. Makin da ake gadonsa tun zamanin ƙwai mai wat 60 ne. Yau da ƙwan LED ke cin yunit biyu, firiji talatin zuwa tamanin, a ce ƙwai ɗaya firiji uku ba lissafi ba ne. Mai ƙwai uku da mai tsohon firiji sun zama ɗaya ke nan. Sannan maki kaya yake ƙirgawa, ba ya ƙirga awa. Wanda ya biya makin fanka ya ga ya sayi izinin barinta tana juyawa har ya dawo daga Kasuwar Makola. Ga kuma kayan da ba a bayyanawa: hita tana shiga ƙarƙashin gado, risho yana shiga cikin akwati. Daga nan sai leƙe ta taga da tsegumi, sai ka ji ana cewa, “Alhaji, wallahi ni ƙwai ɗaya gare ni da fanka, a je a duba ɗakin Maman Sadiya.” Zato kuwa zunubi ne, kuma ba ya biyan kuɗin wuta.

In gida ba shi da halin sayen mita yanzu, a gyara makin ya bi yunit. A ɗauki maki ɗaya a matsayin yunit biyar a wata: ƙwai biyu maki ɗaya, talabijin biyu, dutsen guga biyu, fanka huɗu ko biyar, buta ko hita huɗu, firiji shida zuwa goma sha shida gwargwadon tsufansa, risho goma sha takwas. AC da firizar sana'a kada a sa su cikin maki ko kaɗan, su nasu mita ce.

Wasu masu gida sukan bi ta bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa, a sa wa kowane ɗaki ƙarama don ta faɗi in an jona abu mai nauyi. A kan bolt 230, bireka mai amp 6 tana ɗaukar wajen wat 1,380, mai amp 10 kuma 2,300. Dabara ce mai kyau don kare waya, amma a san iyakarta. Bireka ba ta faɗuwa nan take in lodin ya ɗan haura. Buta mai wat 2,000 tana jan ƙasa da amp 9, kuma sau da yawa ruwan zai tafasa kafin mai amp 6 ta yi zafin da za ta faɗi. Risho mai wat 1,000 kuwa zai yini yana ci ba ta motsa ba. Ƙarfin ja take iyakancewa, ba ta san yawan abin da aka sha a wata ba, don haka fanka da tsohon firiji suna wucewa salin-alin. Kuma in an bar akwatin birekun a buɗe, ba a rasa wanda zai kira yaro ya sauya mai amp 6 da mai amp 20, a kan waya mai kaurin 1.5 da aka ja don fitila. Gobara daga irin wannan take tashi. Soket na buƙatar waya 2.5, AC kuma layinsa daban tun daga akwati.

Ƙaramar mita, wato wadda mai gida ke sawa kowane ɗaki a bayan babbar mitar kamfanin wuta na ECG, ita ce muke ganin ta fi dacewa da yawancin gidajen Zango, kuma a nan ya kamata a nutsu, domin sayen mitar shi ne mafi sauƙin aikin. A tsofaffin gidaje waya ɗaya ce ke bi ɗaki zuwa ɗaki kamar carbi. Kafin mita ta faɗi gaskiya sai kowane ɗaki ya samu layinsa, wayar wuta da ta nutural duka, daga akwati ɗaya. Kuɗin waya da bututu da aikin hannu sau da yawa sun fi kuɗin mitocin. In aka yi ƙwauro aka bar ɗaki biyu suna tarayya a wani reshe, soket ɗin wani zai riƙa hawa mitar maƙwabcinsa, rigimar da aka gudu ta dawo da shaidar lamba. Aikin na mai lasisi ne. Dokar wayarin ta 2011 ta ce wanda Hukumar Makamashi ta ba shaida shi ne zai ja waya a gini, kuma yana da katin da za a iya cewa ya nuna.

A sayi mita mai aji 1, wato kuskurenta bai wuce ɗaya cikin ɗari ba. A jera su duka a akwati ɗaya mai gilashi da kwaɗo, a inda ruwan sama ba ya bugu, kowa na iya karanta tasa amma ba ya iya taɓa waya. Kada a sa mita cikin ɗakin ɗan haya, don a nan ne ake zagaye ta. Ranar da aka gama, a gwada a gaban kowa. A kashe birekar ɗaki na ɗaya, a shiga a tabbatar babu ƙwai ko soket da ya rage da wuta, a kuma duba ba a ɗauke wa ɗaki na biyu komai ba. Haka har ƙarshe. Sannan a gwada gudun mitar: a fuskarta an rubuta sau nawa jar fitilarta ke ƙiftawa a yunit ɗaya, sau da yawa 1,000 ko 1,600. In 1,600 ce, abu mai wat 1,000 zai sa ta ƙifta wajen sau 27 a minti. A kashe komai, a jona abu ɗaya da aka san ƙarfinsa, a ƙirga da agogon waya. Minti biyu sun isa a kashe maganar “mitata tana gudu”.

Sai lissafi, inda yawancin gidaje ke tuntuɓe. Jimillar ƙananan mitoci ba za ta taɓa yin daidai da babbar mita ba. Akwai fitilar tsakar gida da ta banɗaki, akwai injin tura ruwa zuwa tanki, wanda in yana jan wat 500 awa ɗaya kullum yunit 15 ne, su kansu mitocin ma suna ɗan ci. Wannan bambanci na kowa ne, a raba shi. Ga misali da lambobi masu sauƙi: a ce gida mai ɗaki goma ya sayi wutar sidi 1,200 a wata, babbar mita ta nuna yunit 600, yunit ya tashi sidi biyu ke nan. Ƙananan mitoci sun tara 540, saura 60, kowane ɗaki shida. Wanda ya sha 40 zai biya na 46, sidi 92. Wanda ya sha 150 zai biya na 156, sidi 312. Da raba-daidai aka yi, kowannensu 120 zai bayar. A lura farashin yunit daga abin da aka kashe a watan ake fitar da shi, ba a tsayar da shi da ka, domin cikin kuɗin akwai cajin hidima na wata-wata da harajin fitilun titi da na kai wuta karkara. Shi ya sa sayen farko na wata kan ba da yunit kaɗan, wanda aka aika kuma a zarge shi da cin canji. A riƙa saye ta manhajar ECG ko da Momo, wato biyan kuɗi ta waya, a tura rasidin ga kowa. In bambancin da ke tsakanin babbar mita da ƙananan ya yi tsalle daga wata zuwa wata ba tare da an ƙara komai a tsakar gida ba, to akwai wayar da aka ja a ɓoye, ko wuta na zurarewa ta wata tsohuwar waya.

A karanta mitoci rana ɗaya tsayayya kowane wata, a ɗauki hoto. Mai gida kada ya ɗora riba a kan yunit. Sayar da lantarki a matsayin kasuwanci sai da lasisi, kuma da zarar 'yan haya sun gano ana cin riba a kansu, sun daina yarda da lambar. Raunin wannan tsari shi ne har yanzu mita ɗaya ECG ta sani, don haka farashin sama da yunit 300 yana nan, kuma in mutum ɗaya ya ƙi biya dole wani ya cike ko gida ya kwana a duhu. Maganinsa kuɗin ajiya: kowa ya ba da kimanin na wata ɗaya tun farko, a riƙa cirewa ana cikawa. Akwai ƙananan mitoci masu yanke wuta da kansu in kuɗin ɗaki ya ƙare. Sun fi tsada, kuma sai an tambayi mai sayarwa wa ke loda su, nawa yake cira, me zai faru in ya rufe shago.

Mitar ECG ta kashin kai ita ce ƙarshen magana inda ta samu. Ɗan haya ya sayi kiredit ɗinsa, ya ƙare ya zauna a duhunsa shi kaɗai, hawan farashi kuma daga sifili yake fara masa. Ana nema a ofishin ECG na yankin ko ta manhajarsu, da Ghana Card da adireshin GPS na gidan da takardar shaidar wayarin daga mai lasisi, kuma sai an biya duk bashin da ke kan tsohuwar mitar gidan. Ta fi ƙaramar mita tsada, tana iya ɗaukar lokaci, kowace mita kuma da nata cajin hidima. Kada a cika buri a kan rangwamen yunit 30, tunda fanka kaɗai ta kusa cinye shi. Ɗakuna kaɗan ne za su same shi, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu da zafi ke hana barci. A guji dillalan da ke cewa za su kawo mita gobe. Mitar da ba ta cikin rajistar kamfani, ranar da aka zo bincike cire ta za a yi, tarar kuma a kan mai gida za ta sauka. In ɗan haya ne ya biya kuɗin nema, a rubuta yadda za a rage masa a haya, domin mitar ba ta bin sa in ya tashi.

To wanne? Ciki da falo mai banɗakinsa, shago, ɗakin tela ko mai aski, duk mai AC ko firizar sana'a: mitar ECG, kafin ta zo kuma ƙaramar mita tun ranar shiga. Gidan yawa mai ɗaki shida zuwa goma sha biyar: ƙananan mitoci, da bireka a bayan kowacce. In kuɗi bai kai a yi duka ba, a fara da ɗakuna biyu ko uku masu kayan nauyi, a cire nasu daga jimilla, sauran su raba da makin da aka gyara; wannan kaɗai yakan kashe mafi yawan rigimar. Ƙaramin gida da mai shi ke zaune ciki da ɗan haya ɗaya ko biyu: mita ɗaya ga ɓangaren ɗan haya ta wadatar.

Wanda ya riga ya karɓi kuɗin gaba da wuta a ciki, ba shi da ikon sauya magana a tsakiya shi kaɗai, kuma yanke wa ɗan haya wuta don a matsa masa hanya ce ta zuwa ofishin Rent Control, mai sauraron rigimar haya, a matsayin wanda ake ƙara. Abin da zai yi shi ne ya sa mitocin yanzu, ya karanta wata biyu ko uku ba tare da ya caji kowa ba, ya nuna wa kowa lambarsa. Da wannan lamba za a zauna, in ya so a gaban limamin unguwa ko wani dattijo, a tsayar da yunit nawa ke cikin haya, nawa ne abin da ya haura, wace rana ake karatu, wane kaya ne sai an sanar kafin a shigo da shi. A rubuta a takarda biyu, kowa ya sa hannu ya riƙe ɗaya, a kuma rubuta lambar da mitar ɗakin ke nunawa a ranar.